Maki 300 a JAMB amma babu gurbi: yadda manyan jami'o'i ke zaɓen haziƙan ɗalibai

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, akwai gidajen da murna ke cikawa a garuruwa irin su Gezawa da Sumaila da Ringim da Gwaram. Yaro ya ci 290 ko 305, malamai suna ta sa masa albarka, 'yan unguwa sun fara kiransa Dakta tun bai ga ƙofar jami'a ba. Bayan wata huɗu ko biyar sai a ji shiru. Ko dai sunansa bai fito ba sam, ko kuma an ba shi kwas ɗin da bai nema ba, alhali abokinsa mai 210 ya riga ya biya kuɗin rajista a wata tsangayar. Bayanin da ya fi saurin zagaya majalisa shi ne an sayar da gurbin, ko kuma yaron ba shi da uwa a gindin murhu.

Ba wanda zai rantse cewa alfarma ta ƙare a ƙasar nan. Amma da yawa daga cikin waɗannan labarai suna da bayani a cikin ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai kansu, ƙa'idojin da ba kasafai ake zaunar da iyaye a ƙauye a karanta musu ba. Kuma abin bai tsaya a Najeriya ba. A jami'o'in da duniya ke rububi, irin su Harvard da MIT da Oxford, kowace shekara ana mayar da dubban ɗaliban da ba a samu kuskure ko ɗaya a takardunsu ba. Dalilin ɗaya ne a can da nan: inda masu hazaƙa suka fi kujeru yawa, hazaƙa tana kai mutum cikin layi ne kawai, wani ma'aunin daban ne ke raba kujerun.

Maki uku da ake cakuɗawa

Jarrabawar UTME da hukumar JAMB ke shiryawa tana da darussa huɗu, Turanci dole, jimillar maki 400. Kowace shekara ana taron tsara ɗaukar ɗalibai, a sanar da mafi ƙarancin makin shiga manyan makarantu. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan shi ne makin da ake ji a rediyo, kuma shi ne ya fi rikita mutane. Ma'anarsa kawai ita ce kada wata jami'a ta ɗauki wanda ya gaza kai wa nan. Ba alkawarin gurbi ba ne ga wanda ya haura shi.

Na biyu shi ne makin da jami'a ke yanka wa kanta, wanda sai an kai shi za a bari ɗalibi ya shiga tantancewarta, wato Post-UTME. Na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, shi ne makin kwas. Wannan ba a san shi tun farko ba. Sai an jera masu neman kwas ɗin daga na sama zuwa na ƙasa, an ƙirga kujerun da ake da su, sannan makin mutum na ƙarshe da ya samu shiga ya zama iyaka. Shi ya sa makin likitanci na bara ba ya ɗaure na bana, shi ya sa kuma mai 210 zai shiga wani kwas cikin sauƙi a jami'ar da ta bar mai 290 a waje. Ba layi ɗaya suka tsaya ba.

Jerin ma ba da makin JAMB zalla ake yin sa ba. Kowace jami'a tana da lissafinta na haɗa maki. Wasu suna haɗa UTME da Post-UTME, wasu suna ƙara darajar sakamakon WAEC ko NECO. Ga misali da lissafin da aka san Jami'ar Ibadan da shi, inda ake raba makin UTME gida 8, na Post-UTME gida 2, a haɗa. Ɗalibi mai 304 ya samu 38. Idan ya ci 60 a Post-UTME ya ƙara 30, jimilla 68. Wani mai 272 ya samu 34. Idan ya ci 76 ya ƙara 38, jimilla 72. Na biyun ya wuce na farko duk da ratar maki 32 da ke tsakaninsu a JAMB. A irin wannan lissafi, maki ɗaya na Post-UTME ya yi daidai da maki huɗu na UTME. Yaron da ya ajiye littafi ranar da sakamakon JAMB ya fito, don yana ganin ya gama, a nan yake zubar da abin da ya tara.

Kujeru nawa ne, kuma wa ke ƙayyade su

A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin kimanin mutum miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka ci 300 zuwa sama kuwa kimanin 12,400 ne, ba su cika kashi 1 cikin ɗari ba. Saboda haka mai 300 haziƙi ne na gaske, babu ja. Matsalar ita ce waɗannan 'yan kaɗan ɗin ba su warwatsu a dukkan kwasa-kwasai ba. Da yawansu wuri ɗaya suke dosa: likitanci, harhaɗa magunguna, aikin jinya, shari'a, kimiyyar kwamfuta, wasu sassan injiniyanci, kuma a tsofaffin jami'o'in tarayya. A Arewa maso Yamma, wannan na nufin Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello kafin kowace.

Jami'a kuma ba ta da ikon ƙara kujeru yadda ta ga dama. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta iya ɗauka. A likitanci, majalisar likitoci ta MDCN ce ke ba kowace makaranta adadinta, bisa yawan malamai da ɗakunan gwaje-gwaje da gadajen asibitin koyarwa. A shari'a, majalisar da ke kula da ilimin lauyoyi tana da nata adadin. Makarantar da ta zarce adadinta tana jawo wa kanta hukunci, ɗaliban da aka cusa kuma su ne ke shan wahala daga baya wajen rajistar sana'a. Don haka ko shugaban jami'a yana tausayin yaro, ba zai iya ƙirƙiro masa gado a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ba.

Rabon 45, 35 da 20

Nan ne aka fi samun rashin fahimta, nan ne kuma ɗan Kano da ɗan Jigawa ya kamata su fi natsuwa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ko daga ina mutum ya fito. Kashi 35 na jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta. Kashi 20 na jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda ake kira ELDS. Jihohi 23 ne a wannan rukuni, har da Kano da Jigawa, har kuma da wasu na Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi.

A ɗauka wani sashe yana da kujera 100. Mutum 45 na sama a jerin sun tafi da kason farko, ko daga Legas suke ko daga Birniwa. Sai a koma kan 'yan jihohin yankin a ɗebi 35. Sai 20 na ƙarshe, waɗanda ake rabawa tsakanin jihohin ELDS. A takarda, ɗan Kano ko Jigawa da ya nemi Bayero yana da ƙofa uku. A aikace kuwa, ƙofar yankin ita ce ta fi kowace cunkoso, domin Kano tana da jama'a mai yawa kuma kusan kowane gida ya fi son ɗansa ya yi karatu kusa. Ɗan makarantar gwamnati daga Tsanyawa yana gogayya ne da 'yan makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da 'yan makarantar haziƙai ta Bamaina a Birnin Kudu, da kuma 'ya'yan masu hali na cikin birni da suka shekara suna atisaye a kan kwamfuta. Duk rukuninsu ɗaya, domin jiha ake dubawa, ba irin makarantar da yaro ya fito ba.

Akwai wani ɓangare na wannan tsari da ba a cika amfani da shi ba. Kason ELDS yana aiki a dukkan jami'o'in tarayya, har na Kudu. Jami'ar Ibadan, alal misali, takan wallafa makin kowane kwas a rukuni-rukuni, kuma na ELDS yakan yi ƙasa da na cancanta. Ɗan Jigawa da makinsa ya gaza a layin da ya cunkushe a gida yana iya samun sarari a layin da 'yan jiharsa ba su cika zuwa ba. Sai dai wannan shawara tana da nata nauyin: kuɗin mota, masauki, nisa da gida, da damuwar iyaye kan tsaro, musamman idan 'ya mace ce. Gida ne zai auna, amma ya auna yana sane da cewa hanyar tana nan.

Jami'o'in jiha kuwa lissafinsu daban ne. Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, da Northwest a Kano, suna fifita 'yan asalin jiha, kuma sukan yi la'akari da ƙananan hukumomi, 44 a Kano, 27 a Jigawa. A nan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma tana da daraja, kuma yaron da ya fito daga ƙaramar hukumar da ba ta da masu nema da yawa yana iya samun abin da zai gagare shi a wani wuri.

Masu goyon baya da masu suka

Masu kare wannan rabo suna jingina da tanadin daidaiton wakilci da ke sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999, da kuma tarihi: makarantun boko sun kafu a Kudu shekaru da dama kafin su yaɗu a Arewa. Suna cewa yaron da ya ci 260 a makarantar da ba ta da malamin Physics ya nuna ƙwazon da bai gaza na mai 300 daga makarantar da ke da komai ba, kuma asibitocin karkara suna buƙatar likitocin da suka san harshen wurin kuma za su yarda su zauna.

Masu suka suna cewa babu adalci a bar mai maki sama a ɗauki na ƙasa da shi saboda jihar haihuwa, kuma tsarin ya daɗe ba tare da an ga jihohin sun fita daga jerin ba, abin da suke ɗauka alamar cewa yana rage wa gwamnatocin jihohi matsin gyara firamare da sakandare. Akwai kuma suka ta uku da ke fitowa daga cikin Arewa kanta: tunda da jiha ake rabo, amfanin yakan tafi ga 'ya'yan birni masu gata, ɗan ƙauyen da aka yi tsarin dominsa kuma ya sake zama a baya. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a watsar da ita da hannu ɗaya. Abin da ya shafi ɗalibin bana dai shi ne tsarin yana aiki, kuma da shi za a auna shi.

Kurakuran da ke fitar da yaro tun kafin a kai ga maki

Tun 2017 JAMB take gudanar da ɗaukar ɗalibai ta manhajar CAPS. Jami'a ce ke gabatar da suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya karɓa ko ya ƙi. Na'ura ba ta san yaro haziƙi ne ba. Abin da aka shigar mata take gani.

Abu na farko da ke kayar da mutane shi ne rashin ɗora sakamakon WAEC ko NECO. Yawancin 'yan aji shida suna yin rajistar JAMB ne kafin sakamakonsu ya fito. Idan ya fito, dole a koma cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da aka amince da ita a ɗora shi a shafin JAMB. Ɗora shi a shafin jami'a kaɗai bai wadatar ba. Wanda bai yi haka ba, ko 330 ya ci, ba za a iya gabatar da sunansa ba. Ga likitanci ana neman kiredit a Turanci, Lissafi, Physics, Chemistry da Biology, kuma jami'o'i da dama suna son a same su a zama ɗaya.

Sai haɗin darussa. Mai neman likitanci Turanci, Physics, Chemistry da Biology zai rubuta a UTME. Mai neman injiniyanci Lissafi zai sa a gurbin Biology. Mai neman shari'a yawanci sai da Adabin Turanci, darasin da makarantun karkara da dama ba su da malaminsa. Darasi ɗaya da aka zaɓa ba daidai ba yana rushe neman gaba ɗaya. Haka nan zaɓin makaranta: jami'o'in da ake rububi zaɓin farko suke dubawa, sa su a na biyu kusan ɓata gurbi ne.

Akwai kuma matsalar da ta fi addabar karkara, wato saɓanin suna da ranar haihuwa. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, kuma daga can hukumar ke jawo bayanan ɗalibi. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a WAEC Mohammed, a takardar firamare kuma an sa sunan gari a matsayin sunan mahaifi, ko shekarar haihuwa ta bambanta, rigima tana jiran yaron a wajen tantancewa. Gyara yana cin lokaci, don haka tun a aji biyar ya kamata a jera takardun a duba. Layin wayar da aka yi rajista da shi da adireshin imel su zama na ɗalibin ko na gidansu, ba na mai shagon intanet ba. An sha ganin gurbi ya fito amma saƙon ya tafi wayar wani, ko wani ya danna karɓa a kan kwas ɗin da yaron bai so ba, kuma da zarar an karɓa ƙofar sauran ta rufe.

Batun shekaru ma ya shigo. Bayan muhawarar 2024 kan ko 18 ne ko 16, an tsaya a kan 16. Wanda bai kai ba sai ya bi hanyar haziƙai na musamman, wadda ke neman aƙalla 320 a UTME da kashi 80 cikin ɗari a sauran matakan tantancewa.

Wanda ya tabbata ya cika komai kuma yana ganin an tsallake shi an ɗauki na ƙasa da shi a rukuninsu, yana da damar shigar da ƙorafi ta shafin koke na JAMB, kyauta. Abin da bai kamata a yi ba shi ne biyan kuɗi ga mai cewa zai ƙara maki ko zai samo gurbi ta bayan gida. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalar takan bayyana ne bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin tafiya bautar ƙasa.

Harvard, MIT, Oxford: wani ma'auni daban

Labaran 'yan Najeriya da suka samu tallafin karatu a Amurka suna yawo a wayoyi, kuma yanzu har a makarantun karkara ana samun masu tambaya. A 2024 sama da mutum 54,000 suka nemi shiga digirin farko a Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000, kimanin kashi 3.6 cikin ɗari. A MIT, rabon 'yan ƙasashen waje da ake ɗauka yana kusa da kashi 2. Bayanan da suka fito a shari'ar da aka yi da Harvard sun nuna cewa a shekara guda, masu nema sama da 8,000 suna da cikakken sakamakon sakandare, wasu 3,400 kuma sun cinye makin Lissafi na jarrabawar SAT, alhali guraben ba su wuce 2,000 ba. Ko da jami'ar ta so ta ɗauki masu cikakken maki kaɗai, da ta mayar da mafi yawansu.

Shi ya sa a can babu makin da ke tabbatar da shiga. Ana karanta fayil ɗin mutum gaba ɗaya: sakamakon aji huɗu zuwa shida da na WAEC, makin SAT wanda ƙarshensa 1600 ne, wasiƙun malamai biyu da rahoton makaranta, rubutun da ɗalibi ya yi game da kansa wanda a manhajar Common App ba ya wuce kalma 650, da ayyukan da yake yi a wajen aji. Ana kuma auna shi da yanayin da ya fito. Wannan yana iya zama alheri ga ɗan karkara idan ya san abin da zai rubuta. Noma, kiwo, riƙe ƙanne, koyar da yara a islamiyya, haddar Alƙur'ani da shiga musabaƙa, gyaran waya ko sola, duk abubuwa ne da ake lissafawa, kuma manhajar tana da gurbin hidimar gida. Nasara a gasar ƙasa, irin wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ke shiryawa don zaɓen wakilan Najeriya a gasar duniya, tana ɗaga fayil sosai, amma ita ma ba ta zama tabbaci.

Inda ɗan karkara ya fi rauni shi ne wasiƙun malamai. Malami yakan rubuta layi uku cewa yaron mai ladabi ne da ƙoƙari, ya buga hatimi. Mai karantawa a can yana son ya ji takamaiman abu: wace tambaya yaron ya taɓa yi, me ya koya wa kansa da babu malaminsa, shi ne na nawa cikin ɗalibai nawa, makarantar tana da ɗakin gwaji ko babu. Idan ba a faɗa ba, ba zai sani ba.

Tsarin nasu ma bai tsira daga suka ba. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A shekarar ce kuma binciken masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa ya nuna cewa 'ya'yan kashi 1 cikin ɗari mafi arziki sun fi 'ya'yan masu matsakaicin hali samun shiga waɗannan jami'o'i ko da makinsu ɗaya, saboda fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasanni da wasu abubuwan da ba na aji ba. Kan jarrabawa ma an rabu. Bayan an sassauta SAT lokacin korona, MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka sanar da komawa neman makin jarrabawa a 2024. Hujjar MIT da Dartmouth ita ce maki yana taimaka musu gano haziƙin da ya fito daga makarantar da ba a san ta ba. Masu adawa suna cewa jarrabawar ta fi yi wa mai kuɗin atisaye daɗi.

Kuɗin shekara a Harvard ya haura dala 80,000. Sai dai akwai 'yan jami'o'i kaɗan, cikinsu har da Harvard, Yale, Princeton, MIT, Dartmouth da Amherst, da ba sa duba aljihun ɗan ƙasar waje lokacin zaɓe, kuma idan sun ɗauke shi suna biyan abin da gidansu ba zai iya ba. A sauran jami'o'in, neman tallafi mai yawa yana rage damar shiga. Kuɗin neman shiga ana iya roƙon a yafe, amma na SAT ya haura dala 100, ban da fasfo da tafiya cibiyar jarrabawa. Ofishin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ke Abuja da Legas yana ba da shawara kan karatu a can. Dole kuma a bincika halin da biza take ciki kafin a kashe ko sisi, domin tun 2025 Amurka ta tsaurara ƙa'idojinta a kan 'yan Najeriya, har da ɗalibai.

Abubuwa biyu sukan zo wa iyaye da mamaki. A Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an gama digirin farko na shekara huɗu, kuma makarantun likitancinsu ba su cika ɗaukar baƙi ba. A Ingila kuwa, Oxford da Cambridge ba sa ɗaukar mai WAEC kaɗai, sai da A-Level, wato shaidar karatun gaba da WAEC, ko makamancinta, ga jarrabawar shiga da ganawa, tallafin digirin farko ga baƙi kuma kaɗan ne ƙwarai.

Wani kuskuren lissafi da ake yi shi ne a ce idan kowace jami'a tana ɗaukar kashi 5, neman goma ya zama kashi 50. Ko da a ce kowace ƙuri'a take jefawa, amsar kimanin kashi 40 ce. Kuma ba ƙuri'a ba ce: fayil ɗaya suke karantawa da ma'auni masu kama da juna, raunin da ya sa ɗaya ta ƙi shi ne zai sa sauran su ƙi.

Abin da wannan ke nufi ga gida mai ƙaramin ƙarfi

Sakamakon UTME na shekara ɗaya ne. Yaron da ya kafe a kan kwas ɗaya a jami'a ɗaya, idan bai samu ba, sai sabuwar rajista, sabon kuɗin mota zuwa cibiya, da shekara guda a gida. Ga gidan da ya sayar da buhun gero ko akuya aka yi rajistar farko, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ga 'ya mace kuwa, shekarar zaman jira sau da yawa ita ce ke rufe maganar karatun gaba ɗaya.

Saboda haka zaɓin farko shawara ce ta lissafi, ba ta suna ba. Mai 300 zuwa sama da sakamako mai kyau a zama ɗaya yana da hujjar gwada Bayero ko Ahmadu Bello a kwas mai zafi, matuƙar ya ɗauki Post-UTME da muhimmancin da ya ba JAMB. Mai 250 zuwa 280 da ke son fannin lafiya ya kamata ya duba Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, da jami'o'in jiharsa, ya nemi makin da suka tsaya a kai a shekarun baya, sannan ya yi amfani da damar canjin makaranta ko kwas da JAMB ke buɗewa bayan fitar sakamako, tun kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewa.

Idan aka ba yaro wani kwas daban, a yi tambaya kafin a karɓa ko a ƙi. Maganar da ake yawan yi cewa ya shiga kawai zai canza a aji biyu ba ta da tabbas. Komawa likitanci daga wani sashe abu ne mai wuya, saboda adadin nan na MDCN bai gushe ba. Hanyar karatun share fage ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita kuma ake yi a wurare irin su kwalejin CAS ta Kano, tana kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye, amma guraben da ake ware mata a kwasa-kwasan da ake rububi kaɗan ne, sai mai maki na can sama. Ta fuskar kuɗin makaranta, asusun NELFUND da aka kafa da dokar 2024 yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, amma sai bayan an samu gurbi.

Mai niyyar gwada waje kada ya bar JAMB. Lokutan ma ba su ci karo ba: Oxford da Cambridge suna rufe karɓa ranar 15 ga Oktoba, neman farko a manyan jami'o'in Amurka yana rufewa wajen 1 ga Nuwamba, na gama-gari a farkon Janairu, rajistar JAMB kuma takan zo a watannin farko na shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai nemi Amurka yana aji shida, to SAT da fasfo da maganar wasiƙun malamai aikin aji biyar ne, kuma a wannan shekarar ce shugaban makaranta zai fara tattara masa sakamakon zango-zango tun daga aji huɗu, a buga a takardar makaranta mai hatimi, domin shi ne abu na farko da za a nema kuma shi ne ya fi wuyar samu idan an makara.